Awon Ƙafar Barewa

6 ga Janairu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya gwiwar nan taka? Ko har yanzu kana ƙin asibiti kana shafa mata man da wani fursuna ya haɗa maka? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Baban Barewa yana gaishe ka. Yana nan yadda ka san shi, daga shago sai gida, magana sai an matsa masa.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa maimakon kira. Ka san gidanmu, ɗaki biyu ne da bango kamar takarda, Barewa kuma tana kwance a falo wuni guda, kunnenta a kan duk abin da na faɗa a waya. Abin da zan gaya maka ba na kunnen yarinya ba ne.

An cire mata ƙarfen da aka sa a cinya. Likitan ƙashi ya ce ƙashin ya haɗe, amma ƙafar hagu ta gajarce, kuma haka za ta zauna. Yarinyar da kai da kanka ka sa wa Barewa saboda ba a kama ta a guje, yau daga gado zuwa banɗaki sai da sanduna biyu. Makaranta kuwa ta ce ta bar ta. Ta ce a ƙofar nan aka buge ta, ba za ta koma yara su ga tana tsalle da sanda a wurin ba.

Shekaranjiya matar nan ta ofishin tallafa wa waɗanda aka cuta ta zo, wadda muke kira Mai Tabarau. Mace ce mai kirki, ita ta tsaya mana a asibiti da kotu. Ta ce doka ta ba mu haƙƙin sanin inda direban yake. Wai an ɗauke shi daga gidan yarin nan saboda cunkoso, an kai shi naku. Yaya, da ta faɗi wurin sai da na ajiye almakashi na ce ta maimaita.

Duk gidajen yarin da ke akwai, sai inda yayana yake aiki. Mutumin da ya sha ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi, ya hau gefen hanya da motar kaya, ya take min 'ya a ƙofar makaranta, bai ko waiwaya ba. A kotu ma kansa yana ƙasa, ko sau ɗaya bai kalle ta ba. Alƙali ya ba shi shekara huɗu, shi kuma ya ba ta ɗaurin rai da rai.

Na san kai malamin ɗinkin takalmi ne, ba gandiroba ba, amma ai tare kuke shan shayi da su. Ka yi musu magana. A ba shi aikin wanke masai. A sa shi ɗakin da ya fi zafi da kuɗin cizo. In matarsa ta zo ziyara a ce ba a gan shi ba. In ana dukan wani kada a tsallake shi. Ban taɓa roƙonka komai ba tun rasuwar Baba, wannan ne roƙona.

Ƙanwarka,
Barkono, tunda ka ƙi daina kirana haka

20 ga Janairu

Barkono,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, sai da na hura ta kafin na iya riƙewa. Gwiwa da sauƙi, man fursuna bai kashe ni ba tukuna. Hannu ne dai ya fara yi min rawa in na daɗe da basilla. Antinki tana gaishe ki. Ta yi kuka da na karanta mata maganar ƙafar Barewa, sauran kuwa ban karanta mata ba.

E, yana nan. Na je na leƙa shi ta tagar ɗakinsu. Na zaci zan ga ƙato, sai na ga wani ramamme a lungu yana kallon tafin hannunsa. Ban ji tausayinsa ba, kada ki damu. Ni fa kawunta ne, ni na saya mata takalmin gudunta na farko.

Amma abin da kika roƙa ba zan yi ba. Alƙali ya ce a tsare shi. Bai ce a doke shi ba, bai ce a hana shi ganin matarsa ba. Na ga waɗanda aka yi wa haka a nan. Suna fita da baƙar zuciya, su huce a kan wanda suka fara cin karo da shi, yawanci kuma ɗan wata ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da na yi shi ne na roƙi shugaban gidan ya sa shi cikin masu koyon sana'a a ɗakin aikina. Yanzu bencinsa yana kusa da nawa, daga safe zuwa la'asar yana ƙarƙashin idona.

Bar wannan, ga aikin da nake so ki yi min. Takalmin kanti ba zai yi wa yarinyar nan ba, sai an ɗinka mata nata mai tudu a ƙafar hagu. Ki tsayar da ita a kan takarda mai kauri, ba takalmi, ki zana kowace ƙafa da fensir. Fensirin a miƙe, kada ki kwantar da shi. Sannan ki riƙa saka littattafai ƙarƙashin gajeriyar ƙafar ɗaya bayan ɗaya, ki dafa ƙashin ƙugunta da hannu biyu har ki ji ɓangarorin sun yi daidai. Ki auno min kaurin littattafan. Ke tela ce, ba ni zan koya miki awo ba, amma wannan ba a yin sa a tsaye ko a kan kujera, sai an durƙusa.

Ki shafa min kanta.

Yayanki

3 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai mura da ta zaga gidan ta ƙare a kan Baban Barewa. Ka kula da hannun nan, shi kam kada ka shafa masa man fursuna.

Na karanta inda ka ce ba za ka yi ba, na yi dariya. Na san ku ma'aikata, kullum tsoronku kada takarda ta faɗa hannun wani. Amma da na zo inda ka ce bencinsa yana kusa da naka, na gane karatun. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin idonka shi ya san ka, ni da ka koya wa lissafi da ranƙwashi ai ba sai an gaya min ba. Ka ba shi fatar da ta fi tauri da basillar da ta fi dakushewa. Ka zaunar da shi kusa da gwangwanin gam har kansa ya riƙa sarawa. Allah ya saka maka, ranar na yi barci mai daɗi.

Ga zanen ƙafafun nan. Da farko ta ƙi tsayawa. Ta ce, "Me za a auna, Mama? Ai kowa ya ga ba daidai suke ba." Sai da na ce kawunta ne ya ce, sannan ta dafa keken ɗinkina ta miƙe.

Littattafanta na makaranta na ɗauko, waɗanda suke cikin jakarta ranar da aka buge ta. Na lissafin har yanzu da shatin tayar motar a bangonsa. Na sa shi, na ɗora na kimiyya, na ƙara na rubutu guda biyu, sai na ji ƙugun ya daidaita a hannuna. Zan janye ke nan ta ce, "Mama, tsaya, kada ki cire." Ta saki keken ta tsaya ita kaɗai, a miƙe, kafaɗunta daidai. Rabona da ganin tsayinta na gaskiya tun kafin abin ya faru, ashe har ta kusa kamo ni. Ina durƙushe a bayanta ina kuka, na gode Allah ba ta ganin fuskata.

Ban yarda da lambobi ba, don haka na yanko maka ƙyalle daidai kaurin littattafan, yana cikin ambulan. Ta ce kowane launi ne tana so, ban da baƙi irin na asibiti.

Ka ci gaba da gasa min shi.

Barkono

18 ga Afrilu

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa, da fatan duk kuna lafiya. Ka yi min shiru wata biyu har na fara zaginka a zuci, sai ga kwali daga tasha. Wani direba ne ya kawo har ƙofar gida. Na karɓa ban ce masa sannu ba, don har yau ba na iya sakin fuska ga mai riƙe sitiyari. Na zazzage kwalin ina neman wasiƙa ban gani ba. Rowar tawada ce ta tashi?

Yaya, Barewa tana tafiya.

Ja ne, yadda take so. An ɓoye rabin tudun a ciki, rabi a waje, in ba ka ƙura ido ba ba za ka ce ɗaya ya fi ɗaya kauri ba. Ta sa, ta yi taku biyu tana dafa bango, sai ta saki. Ta je bakin famfo ta dawo. Ta sake zuwa, ta ɗebo ruwan da ba wanda ya aike ta. Babanta da ba ya magana ya zauna a bakin ƙofa yana ta cewa, "Sake zuwa mu gani." Akwai ɗan ɗingishi, amma na mutum mai tafiya ne. Jiya da kanta ta ce in ɗinka mata sabon kayan makaranta, tsohon ya ɗage.

Da muka kira ka ranar ka ce min wai na fi ka kyan zuciya. Ban gane ba, ihun Barewa kuma bai bar ni na tambaya ba.

Ni tela ce, na juya takalmin nan ciki da bai. Wannan ɗinkin ba naka ba ne, kai tun kana da ƙarfinka ba ka jera zare haka. Na san cikin tsofaffin ɗalibanka na waje ka ba wani. Ko wane ne, ka gaya masa akwai uwar da take sa shi a addu'a kowace sallah. Allah ya yi wa hannunsa albarka, ya raya masa zuriya, ya buɗe masa duk ƙofar da ta rufe masa.

Sai dai daɗi ba ya zuwa shi kaɗai. Mai Tabarau ta zo da labari mara daɗi. Wai akwai kwamitin da ke duba fursunoni masu kyakkyawan hali a rage musu zama, kuma sunan direban nan yana ciki. A watan Yuni za su zauna. Ta ce ba za a yanke komai ba sai an ji ta bakinmu, kuma maganarmu tana da nauyi. Na ce mata ta tanadar min kujera a gaba. Kyakkyawan hali! Kai ma za a nemi rahotonka, ka san abin da za ka rubuta. Shi kam Allah ya sa ƙofar nan ta yi tsatsa a kansa.

Barkono

25 ga Maris (ba ta iso ba sai 1 ga Mayu)

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da maigidan da Barewa. Muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, ki kuma karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Ba ki gane karatuna ba, Barkono. Da na ce ba zan sa a wulaƙanta shi ba, haka nake nufi, ba tsoron kowa nake ji ba. Amma kada ki ɗauka ni waliyyi ne. Ina da tawa hanyar.

Ranar da zanen ƙafafun ya iso, na shimfiɗa shi a kan bencinsa, na ɗora ƙyallen da kika yanko. Na ce, "Ka san ƙafar wa ce wannan?" Ya ce a'a. Na ce, "Ta yarinyar da ka take ce. Ni kawunta ne. Wannan ƙyallen shi ne abin da ka rage mata." Ya kalli ƙyallen, ya tashi ya fita bayan ɗaki ya yi amai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Washegari ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Malam, ka bar ni in ɗinka." Ashe ubansa mai gyaran takalmi ne a bakin kasuwa, ya iya zare tun yana yaro kafin tuƙi ya ɗauke shi. Na yi niyyar korarsa, sai na dubi hannuna yana rawa. Na ce ya gwada.

Na farko na yanka shi da wuƙa a gabansa, don tudun ya yi nauyi. Na biyu ba shi da wani aibi sosai, shi ma na yanka, wannan kam don huce haushi ne. Ya ɗauki sabuwar fata. Akwai wani tsohon fursuna mai gajeriyar ƙafa a nan, sai ya riƙa binsa a tsakar gida yana kallon yadda yake taku, har aka fara yi masa dariya. Daga nan ya gano a ɗan lanƙwasa gaban tudun don ƙafa ta riƙa mirginawa, kada ta riƙa dukan ƙasa. Shekara talatin ina wannan aikin ban yi tunanin haka ba. Na uku na duba ta ko'ina ina neman abin da zan kushe, ban samu ba.

Ban ce ki yafe masa ba. Shi ma bai roƙa ba, na kuma ce masa kada ya kuskura ya aiko miki da saƙo. Amma takalmin yana nan, kuma shi ne mafi kyau da ya taɓa fita daga ɗakin nan. Ba zan sa wa 'yarki abin da ba ki san asalinsa ba, shi ya sa na fara aiko wannan ta gidan waya. In ba ki so, ki kira ni ki ce a'a kawai, ba sai kin yi bayani a gabanta ba, zan ɗinka wani da hannuna. In na ji shiru har mako biyu, na san kin yarda, zan ba direban tasha ya kawo.

Yayanki

2 ga Mayu

Yaya,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Wasiƙarka ta watan Maris jiya ta iso, ta sha yawo har ambulan ɗin ya yi baƙi. Shirun da ka ɗauka yarda ce, na wadda ba ta san komai ba ne. Yanzu na gane abin da ya sa ka ce na fi ka kyan zuciya. Ban fi ka ba, kuma ba na so in fi ka.

Ka san abin da ka sa na yi? Goshina a ƙasa, safe da yamma, ina roƙon Allah ya buɗe wa wannan mutumin ƙofa. Na roƙa masa albarka a hannun da ya riƙe sitiyarin. Na roƙa wa 'ya'yansa tsawon rai. Ka gaya min yadda ake janye addu'a, tunda kai ne mai dabara.

Wa ya ba ka izinin shimfiɗa ƙafar 'yata a gabansa? A durƙushe na zana ta ina kuka, na aiko wa kawunta, ban aiko wa wanda ya murƙushe ta ba. Yanzu ya samu abin nunawa. Zai tsaya gaban kwamiti ya ce ga shi har takalmi ya ɗinka wa yarinyar, su tafa masa su buɗe ƙofa. Da ƙafarta ya shiga, da ƙafarta kuma zai fita. Kai kuma kana can kana yaba masa lanƙwasa.

Na cire takalmin daga ƙafarta da hannuna. Ta tambaye ni dalili, na ce gyara za a yi masa. Na kulle shi a akwatin ƙyallayena. Na so in cinna masa wuta, Baban Barewa ya riƙe min hannu, ya ce, "Ba naki ba ne." Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta koma kan sandunanta, kayan makarantar da na ɗinka suna rataye a ƙusa. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuska bango, kuma wannan ya fi min ciwo. Duk kai ka jawo.

Zan je gaban kwamitin nan in ce ya cika shekarunsa cif, in da hali a ƙara masa. Ka rubuta duk abin da ka ga dama a rahotonka.

Uwar Barewa

16 ga Mayu

Barkono,

Ko kin sa hannu da wani suna, ni dai wannan na sani. Ina gaishe ku. Antinki ta goyi bayanki, kwana biyu ke nan shayina ba sukari.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya. Bai kamata in nuna masa zanen ba tare da na tambaye ki ba. Haushina na bi, na manta ƙafar ba tawa ba ce. Ki yi haƙuri. Bai kamata kuma in dogara da gidan waya a magana irin wannan ba.

Rahoto kuwa abin da na gani zan rubuta, ba ƙari ba ragi. Yana zuwa a kan lokaci, ya daina neman ƙwaya, hannunsa ya iya aiki. Maganar takalmin Barewa ba za ta shiga ba. Tun kafin wasiƙarki shi ya roƙe ni kada in sa, ya ce ba don kwamiti ya yi ba. Ki yarda ko kada ki yarda, haka aka yi. Abin da za ki faɗa musu haƙƙinki ne, ba zan roƙa masa komai a wurinki ba.

Amma yarinya ba za ta zauna a kan sanda saboda faɗanmu ba. Ga wani nan na ɗinka da hannuna daga farko har ƙarshe, ba wanda ya taɓa shi. Na yi iyakar ƙoƙarina. Ki tambayi likitan ƙashi abu ɗaya. A sanina, yaro mai irin wannan raunin in yana girma doguwar ƙafar tana ƙara tsere wa gajeriyar, sai an riƙa sabon awo da sabon takalmi har ya gama tsayi. Ni kuma ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki, hannun ya ƙi.

Yayanki

20 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma Anti ta mayar maka da sukarinka. Ka ce mata ya isa haka, na gode da taya faɗa. Mu nan lafiya.

Takalminka ya iso. Kada ka ji haushi, amma ya yi nauyi, kuma yana dukan ƙasa kamar ana buga ƙofa. Kwana biyu ta sa shi, dunduniyarta ta yi bororo. Ba ta faɗa ba, sai da na ga jini a safa. Na kuma tambayi likita, ya ce maganarka haka take.

Wata safiya na je sayen zare, na dawo na tarar da akwatina a buɗe. Tana tsaye a bakin ƙofa cikin kayan makaranta, da jakarta, da jan takalmin a ƙafa. Na ce, "Wa ya ce ki taɓa min akwati?"

Ta ce, "Mama, na ji ku ke da Baba ranar. Na san wanda ya ɗinka."

Duk wahalar rubuta wasiƙun nan da na yi don kada ta ji, ashe bangon nan ya gama tona ni. Na ce, "Kin sani, kuma kika sa?"

Ta ce, "Ai ƙafata aka auna. Nawa ne." Ta gyara jakarta ta ce, "Ba na son sa, Mama. Ko na gan shi ba zan gaishe shi ba. Amma ina son zuwa makaranta. Kuma ya fara matse min babban yatsa."

Ni na raka ta. Ta wuce ta ƙofar nan da ƙafarta, ba ta ko kalli wurin ba. Ni ce na kasa, na tsaya na dafa bango.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Mutumin nan yana can a inuwa, ga benci, ga malami, ana kawo masa abinci. Takarda ka nuna masa ya yi amai. Takarda ba ta da tabo, Yaya. Bai ga inda aka tsaga cinyar ba, bai ga yatsun da suka lanƙwashe ba, bai ji yadda ƙafar take sanyi a hannu ba. Ranar da ya take ta bai waiwaya ba, a kotu bai ɗaga kai ba. In ya cika shekarunsa zai fita ya ɓace, ya mutu bai taɓa ganin abin da ya yi ba. Wannan ne ban yarda ba.

Shekaranjiya na je gaban kwamitin, Mai Tabarau tana gefena. Shugabansu ya ce, "Baiwar Allah, kin yafe masa?" Na ce ban yafe ba, kuma kada a rubuta na yafe. Ya ce, "To kina so ya ci gaba da zama?" Na ce a'a, zaman ya yi masa sauƙi. Na ce a sake shi, amma kada ya ƙara riƙe sitiyari, kuma duk lokacin da ƙafar 'yata ta ƙaru shi zai ɗinka sabo, har ta gama girma. Na ce kuma na daina aika zane, shi zai zo ya auna.

Mai Tabarau ta ce akwai tsari irin wannan, amma sai shi ya amince, sai yarinyar ta amince, kuma ita za ta zauna a wurin duk zuwan da zai yi. Na riga na tambayi Barewa, ta ce ya zo, muddin ba za a ce ta yi masa magana ba. Shi kuma an ce za a tambaye shi a can. In ya ƙi, ka ga ni na yi gaskiya tun farko.

Addu'ar nan da na yi masa na bar ta, tunda ba ka gaya min yadda ake janyewa ba. Amma kada ya ɗauka an shirya.

In ya yarda, ka ce masa ya taho da fensirinsa da takardarsa. Littattafan suna nan, mai shatin tayar shi zan fara miƙa masa. Kujera kuwa ba zan ba shi ba, kai ka ce wannan awon sai an durƙusa.

Ƙanwarka,
Barkono